Bayis da Hular Manjo

In ana lissafin waɗanda suka riƙe kujerar mataimaki a ƙasar nan, tun daga masu jiniya har masu keke, ban ga wanda ya kai ubanku ƙarfin zuciya ba. Ku riƙe wannan da kyau. Ni ne na shiga barikin soja da ƙafafuna, ba ankwa ba sammaci, a zamanin da ko akuya in za ta gifta ƙofar barikin sai ta haɗiye kukanta. Na san abin da kuke ji a bakin kawunku Sani. Yana cewa kuka na yi. To zufa ce. Bazara ake, ni kuma mutum ne da zufarsa ke fitowa ta ido. Tunda dai kun girma, har wasunku sun fara kirana Bayis a bayan idona kamar yadda 'yan unguwa ke yi, gara ku ji yadda aka yi daga bakin mai sunan.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki ce, karon nan da ya ɗore har yau. An gama zaɓe, ba a rantsar da kowa ba. Wannan tsakanin shi ya fi muni, don ba ka san wa za ka ji wa tsoro ba, sai ka haɗa su duka ka ji. Mun taɓa ganin an yi zaɓe an soke shi ido na ganin ido, saboda haka ba mai sakin jiki. Mutum zai ɗaga murya yana zancen siyasa, da ya ji ƙugin babbar mota sai ya koma kan tsadar gero. Amma mu masu wankin hula da ke gindin ganuwa kusa da Ƙofar Kwaya, kakarmu ce ta yanke saƙa. A mulkin soja hula sai Juma'a da ɗaurin aure. Siyasa na dawowa, duk mai mafarkin zama kansila ya tono hulunan da ya gada tun daga kan kakansa ya kawo mana. Mu wanke da sabulu da buroshi, mu tsoma a ruwan sitati, mu ɗora kowace a kan kututturen icce da aka sassaƙa daidai kan mutum, mu jera a rana. In ta bushe mu buge ta har ta yi ƙyalli ta tsaya ƙyam. Ka hango layinmu daga nesa sai ka rantse majalisa ce ta zauna, sai dai tamu ba ta gardama.

A lokacin kowace sana'a ƙungiya take kafawa, don ɗan siyasa ba ya ganin mutum ɗaya, taro yake gani. Mu ma muka zauna ƙarƙashin rumfarmu muka kafa tamu. Shugabanci ba a yi ja-in-ja ba, aka ba Alhaji Sale, don ya fi kowa yawan kututture da girman ciki. Aka ce in yi sakatare, na ce ni da biro ba ma ga-maciji. Aka ce ma'aji, na ce ina son in mutu da mutuncina.

"To me kake so, Lawal?"

"Ku ba ni mataimaki."

Na daɗe da yin nazarin wannan kujera. A ganina duk duniya ba wanda ya kai mataimaki wayo. A wurin walima kujerarsa na kusa da tiren nama. In abu ya yi kyau a ce shugabanni sun yi ƙoƙari, da shi a ciki. In ya lalace a ce ina shugaba. Tayar safaya ce, tana bayan mota tana shan iska, ana yawo da ita gari gari ba ta taka ko ƙaya. Ga shi kuma rediyo kullum zancen sabon mataimakin shugaban ƙasa da za a rantsar ake, sai abokai suka laƙa mini Bayis, wato mataimaki da Turanci. Na karɓa hannu biyu. Na ɗinka babbar riga, na canza tafiya, na fara amsa gaisuwa da ka.

Mutum ɗaya ne bai yi mini murna ba, kakanku Malam Ɗahiru. Ba ku riske shi da ƙarfinsa ba. Tsohon masinja ne, rediyo ba ta barin kunnensa, kuma duk wanda ya hau mulki ko ya faɗo tun zamanin Turawa yana cikin kansa. Na tarar da shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labari ina jiran albarka. Ya rage muryar rediyo.

"Lawal, ka san abin da ka ɗauko kuwa?"

"Kujerar hutu, Baba."

"Hutu. To saurara. Sadda muka samu 'yanci babu kujerar ga. Sai da soja suka miƙa mulki karon farko aka ƙirƙiro ta, aka ce salon Amurka ne. Wanda ya fara zama kanta, da soja suka dawo, shugabanshi a gida aka tsare shi. Shi mataimakin fa? Kurkuku. Su kansu sojan ba su ƙyale nasu na biyun ba. Wani yana Makka wurin aikin hajji aka kifar da su, ya dawo da ƙafarshi aka tsare shi. Wani gardama ya yi da maigidanshi, aka tuɓe shi. Wani kwanan nan ka gan shi da idonka a talabijin, an ɗaure shi da sarƙa, an yanke mishi hukuncin kisa, kuma maigidan nashi na kan kujera. Wani kuwa ya sauka lahiya, ya yi shekaru, amma daga baya gawarshi ce ta dawo daga gidan yari."

Wannan na ƙarshen ba labarin rediyo ba ne a wurinmu, ɗan garinmu ne.

"Amma Baba, ai akwai waɗanda suka gama lafiya."

"Akwai. Faɗa mini abu ɗaya da ɗayansu ya yi."

Ina cikin lalube ya katse ni.

"Ka gani. Ko a manta da kai, ko a tuna da kai ranar da ba ka so. Kana ganin wanda ke tsayawa daidai bayan liman? In alwalar liman ta karye tsakiyar salla, ba magana yake ba. Hanci yake kamawa kamar mai haɓo, don asirinshi ya rufu, ya miƙa hannu baya ya jawo rigar wanda ke bayanshi, ya fice. Wanda aka jawo ba a tambayarshi ko ya shirya. Shi ya sa mai hankali, in ya san karatunshi bai kai ba, ba ya tsayawa wurin."

Na yi dariya na ce Alhaji Sale ƙato ne, hancinsa ko guduma ba ta fasa shi. Baba ya mayar da rediyonsa kunne.

Yanzu sai in gaya muku wane ne Malam Ilu. Shi ne dattijon rumfarmu, shi ya koya wa yawancinmu riƙe buroshi. Kunnensa ya yi nauyi, sai ka yi kamar kana kiran mutum daga bayan gari kafin ya ce na'am, kuma yana fama da hawan jini, kullum da ƙwayarsa safe da yamma. Amma hannu, ba a magana. Kuma yana da aƙida ɗaya: duk abin da ake sawa a ka hula ne, duk hula kuma a wurinsa haƙƙinta ta tsaya. Ran nan sai ga wani odale, wato sojan da ke yi wa babban hafsa hidima, ya kawo ƙunshin huluna. Na maigidansa ne, wani Manjo, da alama shi ma ya fara shirin sa kayan gida. Ya zube gaban Malam Ilu ya tafi. Ashe a cikin ƙunshin, bisa kuskure, har da hular aikin Manjo, irin mai laushin nan da soja ke karkatawa gefe ɗaya, da tambarin ƙarfe a goshinta. Da ni ko wani ne ya gani, da ajiye ta za a yi gefe da bisimilla. Malam Ilu ya ɗaga ta ya girgiza kai, ya ce wanga wane irin sakaci ne, mutum ya bar hularshi ta kwanta haka. Ya cire tambarin ya adana don kada ya yi tsatsa. Ya wanke ta, ya ba ta sitati ninki biyu don ta ƙi jin magana, ya ja ta da ƙarfin tsiya ya cusa a kan kututture mafi tsawo.

Washegari da hantsi odale ya dawo. Ga hular Manjo a tsakiyar layi, ta miƙe tsaye kamar tukunyar da aka kife, tana ƙyalli, ta fi ta kowane ɗan takara tsawo. Malam Ilu ya miƙa masa da hannu biyu yana murmushi, yana jiran yabo. Mutane suka taru. Aka yi tsit. Ni kuwa Allah Ya yi ni ba na iya ganin shiru in bar shi ya zauna lafiya.

"To alhamdulillahi," na ce, "hula ma ta miƙa mulki."

Wurin ya fashe da dariya. Mai shayi ya shaƙe, wani ya faɗo daga kan keke. Har gobe ban janye ba, maganar ta yi daɗi. Odale ne kawai bai yi dariya ba. Ya dube ni tun daga ka har ƙafa, kamar tela yana awo, ya tattara hulunansa ya tafi.

Da la'asar na shiga Babbar Kasuwa sayen sitati. Ina dawowa na tarar da rumfa wayam, kututture a warwatse, hulunan 'yan takara a cikin kwata. Mai shayi ya leƙo daga bayan teburinsa, ya ce motar soja ta zo. Kowa ya gudu, sai Malam Ilu da bai ji zuwanta ba. Sun ɗaga shi sun jefa a baya. Sun bar saƙo: in muna son tsohonmu, shugabanmu ya zo ya karɓa da kansa.

Wallahi abin da na fara ji daɗi ne. Shugaba suka ce. Na ɗauki hanya sai Ƙofar Kaura, gidan Alhaji Sale, ina tafe ina tsara yadda zan raka shi har bakin titi in yi masa addu'a. Na yi sallama aka ce in shigo. Na same shi a shimfiɗe a zaure, ya ɗaga haɓa sama, ya toshe hanci da tsumma.

"Alhaji, lafiya?"

"Ina fa lahiya, Lawal. Haɓo. Tun ɗazu jini ya ƙi tsayawa. Gobe da sassafe ƙauye zan tahi wurin mai magani." Ya miƙo hannu, ba tare da ya dube ni ba, ya kama gefen rigata. "Ƙungiya na hannunka, Bayis."

Na dubi tsumman. Fari fat, ko hular ango ba ta kai shi ba.

Ban san yadda na iso gida ba. A tsakar gida na tarar da Gwaggo Tabawa, matar Malam Ilu, zaune a bakin tabarma, ta riƙe ƙullin leda a cinyarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, ta tambayi yara. Sannan ta ɗaga ledar.

"Bai sha na yamma ba."

Shi ke nan abin da ta ce. Uwarku, lokacin tana goyon babbarku, ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa.

"Malam, in ka je odalen nan zai gane ka. Kai ka yi maganar, ba tsoho ba."

"Na sani."

"Ba a saki waɗanda aka sani ba ma, bare kai? Wa ka sani? Ka tahi Jibiya wurin ƙanwarka har a rantsar da farar hula. Saura kaɗan."

"Tsohon fa?"

Ta juya tana jijjiga goyo alhali yarinyar barci take. Ita ma ta san hawan jini ba ya jiran rantsuwa. Na fita zaure wurin Baba ina fatan ya hana ni, don in uba ya hana ka abu, gudu ya zama biyayya. Ya kashe rediyo gaba ɗaya, abin da ban taɓa gani ba ko ranar rasuwa.

"Ban ce ka je ba, ban ce kada ka je ba. Abin da na sani, duk naman da aka raba a garin nan tun kafa ƙungiyarku, ka ci kason mataimaki."

Ban runtsa ba. Duk mutanen da Baba ya lissafa suka yi ta giftawa ta idona, mai sarƙa a gaba. Kada ku ɗauka wauta ce mai wankin hula ya kwatanta kansa da su. A wancan zamanin tunanin shi ne: in an yi wa masu taurari a kafaɗa haka, ni da ba ni da ko maɓalli, wa zai tambayi inda aka kai ni? Mutum yakan shiga irin motar nan, iyalinsa su yi ta yawon ofis ofis har su gaji su yi sadaka.

Da gari ya waye na shirya. Babbar rigar Bayis na cusa ta ƙasan akwati, na sa wata tsohuwar taguwa da nake wanki da ita, don in yi kama da wanda bai isa a daka ba. Wando uku na sa, ɗaya kan ɗaya, saboda bulala. Na gaya wa uwarku wanda za a ba kututturena in ban dawo ba, ta ce in rufe mata baki. Na karɓi ledar magani a hannun Gwaggo Tabawa, wadda a gidanmu ta kwana. Baba ya tofa mini addu'a a ka. Ba wanda ya raka ni. 'Yan ƙungiyar da suka ɗaga hannu ranar zaɓena, ranar kowa gudawa ta kama shi. Mai babur ɗin da na hau ya sauke ni tun daga inda ake hango tutar barikin kamar zare, ya ce nan mansa ya ƙare, kuma ya juya da gudu da man da ya ƙare ɗin. Sauran hanyar da ƙafa na yi. Duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa da ta cin abinci.

A bakin ƙofa soja ya nuna ni da bakin bindiga ya tambayi abin da ya kawo ni. Ramin bakin bindigar nan, na rantse in ka leƙa za ka hango lahira. Na ce wurin tsohon da aka kawo jiya na zo. Ya haɗa ni da wani ya kai ni gaban gadurum, ɗakin da suke kulle mutane. A nan na ga Malam Ilu a waje, a durƙushe kusa da bango, ba hula, furfurarsa duk ƙasa. Zuciyata ta yanke. Ya ɗago ya gan ni, ya buɗe baki.

"Lawal, ai ni..."

"Yi shiru, Malam!" na daka masa tsawa yadda zai ji. "Na zo. Kada ka ƙara cewa komai, ni zan yi magana."

Na tura masa ledar maganinsa. Wani Saje baƙi ƙato, mai gashin baki kamar tsintsiya, yana zaune a benci ƙarƙashin darbejiya yana cin gyaɗa. Ya dube ni a kasalance, da Hausarsa ta bariki.

"Kai ne oga na su?"

A nan ne na yi amfani da dabarar da na kwana ina sassaƙawa. Na ce a raina, in na nuna ni ba kowa ba ne, ƙaramin ma'aikaci, ɗan rakiya, za su ga ban kai a ɓata bulala a kaina ba. Na durƙusa na ƙanƙantar da murya.

"A'a, ranka ya daɗe. Shugaba ba shi da lafiya. Ni mataimaki ne kawai. Na biyu."

Saje ya daina tauna. Ya miƙe a hankali, sai da na ga kamar ba zai gama miƙewa ba.

"Na biyu? Kai ne tu-ai-si?"

Ban san kalmar ba, amma na ji akwai biyu a cikinta, na ce e.

"To ai kai ne muna nema! Oga ba ya sanin abin da yara suna yi. Oga yana ofis. Tu-ai-si ne yana duba yara, shi ne yana horo, shi ne yana amsa laifi. In yaro ya yi iskanci, tu-ai-si ne ya koya masa!"

Ashe haka abin yake a wurinsu. Mu a gari mataimaki ɗan cin nama ne, su a bariki shi ne mai riƙe da sanda, kuma shi ake fara tuhuma. Da na ce ni ne shugaba, wataƙila da zagi kawai zan sha, a ce in ja wa yarana kunne. Da bakina na zaɓi kujerar da ta fi kowace zafi a gidan. Hayaniyar Saje ce ta fito da mutane, cikinsu har da odale. Yana ganina ya nuna ni da yatsa. Aka tasa ni gaba, aka ce tsoho ma ya biyo.

Ofishin Manjo da sanyi, fanka na juyawa. Na zaci zan ga dodo, sai na ga matashi siriri, mai tsabta, yana rubutu. Hular na kan teburinsa a tsaye, ita kaɗai, kamar an kawo ta ba da shaida. Ya daɗe bai ɗago ba. Ina jin zufa na bin wando na farko tana shiga na biyu. Da ya yi magana, Hausarsa ta fi tawa kyau, muryarsa kuma ƙasa ƙasa, irin wadda sai ka matso ka ji.

"An ce kana da ban dariya. Maimaita mini."

"Ranka ya daɗe, suɓutar baki..."

"Maimaita."

Na maimaita. Maganar da ta kayar da mutum daga kan keke jiya, yau ta fito kamar kukan ɓera a cikin tulu. Ba wanda ya motsa. Fanka kawai ke magana. Manjo ya ajiye biro ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, kuma rashin fushin ne abin tsoron.

"Kuna ƙirga kwanaki, ko? Ku ƙirga. Amma waɗanda suka rage nawa ne. Kuma ƙofar da mutum ya fita da ƙafarsa, ya san hanyar dawowa."

Ya ɗauki hular ya zagayo, ya ɗora mini a ka da hannunsa, ya gyara mata zama kamar mai naɗin sarauta.

"Tunda ta miƙa mulki, kai ta miƙa wa. Saje, ya zagaya fili da ita. In ta faɗi a sake daga farko."

Tsallen kwaɗo kun san shi a makaranta, kuna yi kuna dariya. Na bariki daban ne. Ka kama kunnuwa, ka tsuguna, ka yi ta tsalle a kan tsakuwa, rana na dukan ƙeya, ga wando uku da na sa don su cece ni sun jiƙe sun zama buhun gishiri. Hular kuwa Malam Ilu ya yi mata aiki na gaskiya, ba ta lanƙwasa ba ta kama kai, tsalle kaɗan sai ta gangara. A sake. Aka zaunar da tsoho a rana a bakin fili wai ya ga abin da ya jawo. Shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali, don duk zagayen da na yi sai in saci kallonsa in ga ko ya kife. Ban san sau nawa na zagaya ba. In na ce dubu kawunku zai ce ƙarya ne, to ku rage ɗaya. Na dai san an kira azahar ina yi, inuwa ta juya ina yi. Can na ji wani abu ya ce ƙas a gwiwata ta dama, kamar an karya kara, na kife. Saje ya zo ya tsaya a kaina, na rufe ido na yi kalmar shahada, don na ɗauka yanzu ne za a ja ni cikin ɗakin nan a manta da ni. Ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kaɗe ta.

"Tu-ai-si, kwashe tsoho naka ku tafi."

Gwiwar ke nan da kuke ganin ina salla a kan kujera saboda ita. An rantsar da farar hula a kan lokaci, Manjo bai dawo ta ƙofar da ya ce ba, Allah kuma kada Ya dawo da shi. Haɓon Alhaji Sale ya warke ranar rantsuwa da hantsi, har ya jagoranci tawagarmu zuwa gaisuwa. Tun daga nan na ga mataimaka iri iri a rediyo da talabijin, wanda ya yi rigima da maigidansa har duniya ta ji, da wanda aka wayi gari aka jawo rigarsa ya shiga gaba. Mutane na zaginsu ko suna yabonsu, ni dai in na ga mutum tsaye a bayan shugaba yana murmushi, gwiwarsa nake kallo.

Amma ban gama muku ranar ba. Mun fito daga bariki rana ta yi sanyi, ni da Malam Ilu. Wai ni na je ɗauko shi, sai ga shi shi ke riƙe da ni, hannuna a wuyansa, ina jan ƙafa. Sai da muka yi nisa tutar ta ɓace a bayanmu sannan numfashina ya dawo, bakina kuma ya biyo shi. Na fara jin wani abu na tasowa a ƙirjina mai kama da girma. Na ga yadda za a ba da labarin a Ƙofar Kwaya, na ga Baba yana kashe rediyo don ya saurare ni. Na kai bakina kunnen tsoho na ɗaga murya.

"Malam, ka ga amfanin shugabanci! Kowa ya gudu, ni na zo. Da ban zo ba, da Allah kaɗai Ya san ranar fitowarka!"

Ya tsaya ya gyara riƙon da ya yi mini, ya dube ni da tausayi, ya yi magana da ƙarfi irin na kurame, har masu wucewa suka waiwayo.

"Ai abin da nike son gaya maka ke nan ka ce in yi shiru. Tun da hantsi Saje ya ce in tahi gida. Takalmina ɗaya nike nema ka shigo."